Kwalin Keke da Saƙon Mutanen Gyaɗi-Gyaɗi

Na san yadda kuke ba da labarin nan idan kun haɗu ranar sallah, domin kunnena bai mutu ba, ƙafa ce kawai ta yi nauyi. Kuna cewa Baba ya watsar da saƙon mutane a filin jirgi, ya ɗauki kekensa ya gudu. Babban yayanku Abba har ƙarawa yake yi wai jami'an tsaro sun tsare ni saboda warin daddawa. Ba wanda ya tsare ni, kuma ban watsar da ko ƙwayar barkonon kowa ba. Tunda ku za ku gaji labarin, gara ku gaje shi daidai, har da wurin da ban fita da kyau ba.

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin safiyo, ina auna filayen mutane daga wannan gari zuwa wancan, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa fita daga Gyaɗi-Gyaɗi da jakata kaɗai ba. Duk wanda ya ji zan yi tafiya sai ya tuna yana da ɗan'uwa a hanya. Na taɓa ɗaukar zakara a cinyata har Birnin Kudu. Na taɓa kai wa wata amarya keken ɗinki Haɗeja, na yini ina neman gidan, domin kwatancen da aka ba ni shi ne in tambayi gidan da ake sayar da awara. Ban taɓa cewa a'a ba, ban kuma taɓa ɓatar da ko allura ba. Mutane suna yabona da amana, ni kuma a raina ina jin kamar jakin unguwa.

Akwai abokin aikina Yohana, mutumin Gembu, can kan tsaunin Mambila. Ya yi shekara ashirin yana haya a Unguwa Uku, shi ke riƙe ɗaya bakin tef ɗin awo ina riƙe da ɗaya. Duk ranar da zafi ya gasa mu a fili sai ya fara ba ni labarin ƙasarsu: ciyawa shar har iya ganinka, gonakin shayi, sanyin da ke sa mutum neman bargo da tsakar rana. Mu biyun duk mahaya keke ne, shi ya sa muka yi alkawari idan mun ajiye aiki za mu yi kwana goma muna yawo a kan tsaunin nan a keke, ba awo, ba shugaba, ba wanda zai aike mu. Ya riga ni ritaya ya koma gida. Shekarar da na ajiye nawa aikin sai ga wayarsa, wai yana tuna mini ne tun gwiwoyinmu suna amsa sallama.

Da na faɗa a gida, mahaifiyarku tana tankaɗe. Ba ta ma ɗago ba.

"Wa ya rasu a can?"

"Ba kowa, Hajiya. Hutu zan je."

"Hutu? Malam, wata huɗu kana zaune a ƙofar gida kana gyara wa masu wucewa tafiya. Daga me za ka huta?"

Na ce keke zan je in hau. A nan ta ajiye rariyar ta dube ni, ta ce in dai keke ne ga titi nan ya miƙe har Tarauni, ba a buƙatar jirgin sama. Da yamma ta kira Abba. Ya zo da mukullin motarsa a hannu, ya zauna a gabana yana sunkuyar da kai irin na ɗan da ya zo yi wa ubansa faɗa cikin ladabi.

"Baba, mutane za su ce mun bar ka kana wahala. In dole ne, bari in haɗa ka da direba ya kai ka."

"In da direba nake so da tuni na roƙe ka. Ni kaɗai zan tafi, kuma ba na son rakiya."

Abin da ban faɗa musu ba shi ne, ba keken ne kaɗai ke jana ba. So nake sau ɗaya a rayuwata in yi tafiyar da ba ta kowa ba ce, in sauka a gari ba tare da na fara tambayar gidan wani ba.

Na sayi keke ɗan gwanjo mai giya a Tarauni, domin tsohon nawa ba zai hau tudu ba. Mai gyaran da ya sayar mini shi ya kwance tayar gaba, ya juya kan keken, ya cire sirdi da feda, muka zura sauran a cikin kwalin firij. Sirdin da fedar ya ba ni a hannu. Da na kawo gida Hajiya ta karɓa, ta ce kada su goge fentin, ta naɗe su a tsohuwar atamfa mai ruwan ganye da zanen kifi, ta ƙulle tam ta jefa cikin kwalin. Na ji daɗi, na ɗauka ta sauko.

Kuskurena na farko a masallaci na yi shi. Mutum ba ya tafiya mai nisa bai nemi addu'a ba, saboda haka ana gobe zan tashi na raɗa wa liman bayan sallar asuba. Ya tambaye ni hanya, na zayyana masa: jirgi zuwa Abuja, wani jirgin zuwa Yola, sai motar haya zuwa Jalingo, daga nan a hau tsauni. Liman mutum ne da ba ya son addu'a ta tafi ba adireshi. Ya ɗaga hannu a gaban sahu uku ya roƙi Allah ya kai Malam Hamisu Abuja lafiya, ya kai shi Yola lafiya, ya kai shi Jalingo lafiya, ya hau da shi Gembu lafiya. Duk garin da ya ambata ina jin "amin" ɗin wani ta fi ta sauran ƙarfi, na san mai ita ya tuna da wani nasa.

Kafin azahar zaurenmu ya zama tasha. Wannan ya kawo kilishi na ɗansa mai bautar ƙasa a Yola. Waccan ta aiko da kuka da daddawa da man shanu na ƙanwarta a Jalingo. Wani tela ya kawo kaftani uku na wani kwastomansa. Har wanda ɗansa ke Maiduguri ya kawo ƙunshi, da na ce ba can na nufa ba sai ya ce ai duk gabas ne. Na tsaya ina murmushi ina cewa "ba komai", bakina ya saba, shi yake faɗa da kansa. Hajiya kuwa tana karɓa tana cusawa a kwalin keken, tana cewa ai ga wuri nan a banza tsakanin tayoyi.

Ta ƙarshe ita ce Inna Mairo, tsohuwar da ke gidan da ke kallon namu, wadda kuka sha cin ƙosanta kuna yara. 'Yarta Zulai tana aure a Nguroje, kusa da Gembu, kuma ta haihu bayan shekara tara tana jira. Gwiwar Inna ba za ta kai ta ko Unguwa Uku ba, balle kan tsauni. Ta shigo da sanda, ta miƙa wa Hajiya ɗan ƙulli, ta juyo wurina.

"Malam, kanwa ce da yajin jego. Ba nauyi. In ka gan ta ka duba mini ko ta rame."

Na ce ba komai. Ko kallon ƙullin ban yi ba.

Da safe Ɗanladi mai tasi ya zo, muka kinkimi kwalin mu uku, shi da ni da wani maƙwabci, Ɗanladi yana tambaya ko da firij ɗin a ciki. Na hana kowa biyo ni. Hajiya ta tsaya a bakin zaure ta ce in na faɗo daga keken in faɗo ta gefen da ba rami.

A filin jirgi wata yarinya mai fara'a ce ke karɓar kaya. Aka ɗora kwalin a sikeli, ta dubi lambobin, ta sake duba, ta dube ni.

"Baba, me ke ciki?"

"Keke."

"Keke nawa?"

Ta yi mini bayani cikin ladabi cewa akwai iyakar nauyin da kaya guda ɗaya ba ya wucewa, kuma kwalina ya wuce ta nesa ba kusa ba. Sai dai a rage. Na ja shi gefe na yanke igiyar, na fara fito da amanar Gyaɗi-Gyaɗi ɗaya bayan ɗaya a kan tayil mai sheƙi. Daddawar ta riga kowa fitowa, ba da jikinta ba, da ƙamshinta. Masu kwat da ke layi suka ja baya. Wata Hajiya mai gilashi ta matso ta tambaye ni ko kilishin na sayarwa ne.

Ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Yarinyar nan ta nuna mini mafita. Ta ce akwai masu sayar da jaka a waje, in sayi babba in zuba ƙunsunan, a auna ta a matsayin kaya na biyu, man shanun kawai za a bari. Lokaci ma bai ƙure ba. Ba wanda ya tilasta ni. Na durƙusa a gaban tulin nan ina lissafin kwanaki: yini guda a Yola ina neman mai bautar ƙasa, yini biyu a Jalingo ina tambayar gidan ƙanwar mai daddawa, Maman Walida da ke bayan gidan mai, tela ma bai ba ni lambar kwastomansa ba, ya ce kowa ya san shi. Kwana goman da na jira shekara ashirin za su tafi a ƙofar gidajen mutane ina sallama. Sai haushi tsantsa ya taso mini, na shekara talatin da biyar. Na ɗauki waya na kira Ɗanladi, na ce ya juyo.

Na haɗa masa komai, na ce ya mayar wa kowa nasa hannu da hannu, ya ce jirgi ya ƙi ɗauka. Kun ga a nan na yi ƙarya, jirgi bai ƙi ba, ni na ƙi. Ƙulli ɗaya na ware, mai atamfa ruwan ganye da zanen kifi. Na matsa shi na ji abu mai tauri, na ce sirdina da fedata ke nan, na mayar cikin kwali na ɗaure. Ɗanladi ya rungumi sauran yana girgiza kai.

"Malam, ni za su zaga fa."

"Ka ce su ajiye zagin, ina dawowa in karɓa."

Ban taɓa jin jikina sakayau irin na ranar ba. Na taɓa shiga jirgi lokacin aikin Hajji, amma a lokacin garke guda muke, ana kaɗa mu ana ƙirga mu. Wannan karon ni ke riƙe da takardata, ni ke neman ƙofata. A Abuja na liƙe da gilashi har sai da na ga an tura kwalina cikin jirgi na biyu, sannan na yarda na shiga. Da aka kawo ɗan biredi da lemo na cinye nawa ni kaɗai, ban ajiye wa kowa ba.

A Yola zafi ya tare ni kamar na bar shi a Kano ya riga ni zuwa. A tasha 'yan kamasho suka yi ta gardama a kan kwalin, wani ya ce firij kujera biyu yake ci, na ce keke ne, ya ce to me ya sa aka zana firij a jiki. Daga ƙarshe aka ɗaure shi a saman mota tare da buhunan busasshen kifi. Na kwana a Jalingo, washegari na shiga wata ƙaramar mota mu takwas a wurin mutum biyar. Bayan mun wuce Serti hanya ta fara nannaɗe tsauni, direba yana tsayawa yana ba motar ruwa, mu kuma muna salati a kowace kwana. A nan wani ɗan kasuwa da gwiwarsa ke cikin haƙarƙarina ya buɗe hira.

"Alhaji, keken na sayarwa ne?"

"Na hawa ne."

"Zuwa ina?"

"Ba ko'ina. Yawo kawai."

"Daga Kano? A jirgi?"

Wani dattijon Bafulatani da ke gaba ya juyo ya dube ni da tausayi, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Kowa ya ce amin, har da ni. Muka ratsa Nguroje da la'asar, na ga sunan garin a allo, na tuna da Inna Mairo, na kawar da kai na dubi shanu.

Yohana bai yi ƙarya ba. Ƙasar ta fi yadda ya faɗa, sanyin ma ya fi. Ya tare ni a tasha da rigar sanyi a hannu, kansa ya yi fari fat, muka rungume juna muna zagin tsufa. Washegari da hantsi muka buɗe kwalin a tsakar gidansa, matarsa da jikokinsa sun kewaye mu. Muka ɗaura taya, muka daidaita kai. Na ɗauko ƙullin mai zanen kifi ina yi wa Yohana bayanin irin sirdin da na samu, mai laushi kamar katifa. Na kwance. Ga kanwa dunƙule-dunƙule, ga gwangwanin yaji, ga 'yar hular jariri saƙar hannu.

Yohana ya dubi kanwar, ya dubi ƙarfen da ya tsaya tsirara inda sirdi ya kamata ya zauna, ya zame ƙasa yana dariya har da tari.

"Hamisu, a kan wanne za ka zauna, kanwar ko yajin?"

Abin da na manta shi ne atamfar nan anko ce. Shekaru da suka wuce an yi wani biki a layinmu, duk matan layin suka ɗinka ta. Tare suka saye ta, tare ta tsufa, tare suka yayyage ta suna ƙulle kaya. Da a ce na dubi ƙullin Inna lokacin da ta miƙo shi, da na gane. Na kira gida. Hajiya ta ɗauka kamar tana zaune a kan wayar.

"Sirdinka yana gidan Inna Mairo. Ɗanladi ya kai mata, ta kwance a gaban mata."

"Me ta ce?"

"Ta yi guɗa. Ta ce ka mayar da na kowa amma ka tafi da nata, har ka bar abin zamanka don nata ya samu wuri. Tun shekaranjiya take sa maka albarka. Sauran kuwa kada ka tambaya. Cewa suke ashe jirgin yana zaɓe."

Hajiya ta san ni, ta san ba haka aka yi ba, amma sai ta tambaye ni ko na sa rigar sanyi.

Wani mai gyara a kasuwar Gembu ya ciro mana sirdi daga tsohon keken dakon ayaba, busasshe kamar ƙashi, da feda biyu da ba uwarsu ɗaya ba. Yohana ya tsara mana ranar farko za mu gangara bakin kogi mu sha iska. Na ɗaure ƙullin a bayan keken na ce masa Nguroje za mu. Haka hutun da na tsere wa saƙo dominsa ya fara da kai saƙo. Ni da na saba da Kano inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, na gane ashe giya ba ta hawa tudu, mutum ne ke hawa. Rabin hanyar tura keken na yi. Mun tashi da sassafe, ba mu isa ba sai bayan azahar, kuma a Nguroje ma sai da na yi abin da na rantse ba zan yi ba: na tsaya ina tambayar gidan mai jego 'yar Kano.

Zulai ta fito da jaririn a kafaɗa. Da ta ga atamfar ba ta ma kwance ba, ta kai ta hanci ta shaƙa, ta durƙusa a wurin tana kuka. Na tsaya riƙe da keke, ban san inda zan sa idona ba.

"Baba, Inna ta kira ni. Ta ce duk unguwa nawa kaɗai ka ɗauko."

Na ce mata Inna ta ce in duba ko ta rame, kuma ban ga ta rame ba. Ta yi dariya cikin hawaye, ta sa wa yaron hular, ta yi masa yawa har ta rufe masa ido. Mun yi sauran kwanakin muna yawo yadda muka yi alkawari, mun ga gonakin shayi, mun ga hazo yana tafiya a ƙasa da mu. Amma in kun tambaye ni ranar da ta fi zauna mini a rai, wannan ce, kuma har yau abin yana ba ni haushi.

Da na dawo Inna Mairo ta tako da sandarta ta kawo mini sirdin, ta goge shi da mai yana ƙyalli. Ta riƙe hannun rigata tana addu'a. Na buɗe baki in gaya mata kuskure ne, cewa nata ma na yi niyyar mayarwa, sai na ga fuskarta, na ce amin. Ta rasu bayan shekara biyu ba ta sani ba. Ku ne na farko da na faɗa wa da bakina.

Sauran maƙwabta ba su zage ni ba, ko da wasa. Mun ci gaba da gaisawa, ana zuwa mini suna ina zuwa musu jana'iza. Abu ɗaya kawai suka daina. Tun daga shekarar ba wanda ya sake ba ni saƙo, ko na goro ɗaya. Da farko na yi murna, na je Zariya na dawo ina kaɗa hannu. Bara da zan je Kaduna duba ido, ni da kaina na ce wa liman ya ambaci garin da ƙarfi, ya kuwa ambata har sau biyu. Na dawo gida na sa aka share zaure, na shimfiɗa tabarma na zauna tun hantsi. Mutane suka yi ta wucewa suna ɗaga mini hannu, suna cewa Allah ya kiyaye hanya. Da aka kira azahar Hajiya ta leƙo, ta dube ni, ta dubi tabarmar da ba kowa a kai, ta ce in shigo abinci zai huce.